Tsiron fan a tukunya: wanne za a saya, yaushe, a ajiye shi ina?

Wasiƙar farko daga Kano ta zo, daga wata 'yar'uwa: "A watan Disamba na je biki Abuja. A hanyar dawowa na tsaya wurin masu sayar da fulawa na bakin titi, na sayi tsiron nan mai dogayen ganye kamar gashin jimina. Mai shi ya ce sunansa fan ɗin Boston. Kore shar na kawo shi, amma ko sati uku bai yi ba ganyen ya soye, kullum sai na share ɓurɓushinsa a falo. Safe da yamma nake ba shi ruwa. Cutata aka yi? In sake sayen wani ko in haƙura?"

Hajiya, mai fulawa bai cuce ki ba, hunturu ne ya yi miki wannan aiki. Fan (ba fanka ba, haka dai masu sayarwa ke kiransa) ɗan kurmi ne. A ƙarƙashin manyan itatuwa ya saba zama, inda rana ba ta dukansa kuma iska ke cike da laima. Wanda ya taɓa bin hanyar Kudu ya ga danginsa sun lulluɓe jikin itacen kwakwar manja, ba mai ba su ko ɗigon ruwa. Yana son laimar iska ta kai kashi 50 cikin ɗari ko ta wuce, alhali a Kano in hunturu ya kankama takan sauka ƙasa da kashi 20. Ganyensa siriri ne, iska na zuƙe ruwan jikinsa kafin saiwa ta kai masa wani. A wurin mai fulawa kuwa yana cikin inuwa, cunkushe da 'yan'uwansa, ƙasan wurin a jiƙe dare da rana. Daga nan kika ɗauke shi zuwa falo mai fanka.

Ruwan safe da yamman nan ma ya ƙara dagula lamarin. Ƙasar da ba ta tsanewa tana ruɓar da saiwa, ruɓaɓɓiyar saiwa kuma ba ta shan ruwa. Sai tsiro ya yi ta bushewa daga sama, ƙasansa kuma caɓal, ke kuma ganin bushewar ya sa ki ƙara kwarara masa. Ki riƙa tsoma yatsa cikin ƙasar zuwa gaɓar farko. In da danshi, ki bar shi. In ta fara tsanewa, ki zuba har ya fito ta ƙasan tukunya, sannan ki zubar da wanda ya taru a faranti.

Kada ki yar da shi tukuna. Ki buɗa tsakiyarsa da hannu ki duba. Idan kin ga wasu 'yan ƙananan kawuna kore a nannaɗe kamar wutsiyar hawainiya, yana da rai, sabon ganye ne ke shirin warwarewa. Ki yanke duk wanda ya soye tun daga gindi, ki mai da tukunyar bayan labulen tagar da ke kallon gabas, ko banɗaki in yana da taga mai haske. Ni nawa kusa da randa suke kwana su tashi tun daga Nuwamba har ruwan farko. Fesa wa ganye ruwa yana wanke ƙura, amma laimarsa ba ta daɗewa, kada ki dogara da shi. Gara ki tara tsirranki wuri guda, nesa da fanka da bakin ƙofa.

In za ki sake saye, ki bari sai Yuni ko Yuli, ya samu damina guda ya saba da gidanki kafin hunturu ya dawo. Shi na Boston ɗin yana da kyau a rataye, ganyensa na zubowa ta ko'ina. Sunan ya samo asali ne a 1894, lokacin da aka ga ƙwaya ɗaya mai lanƙwasasshen ganye cikin kayan tsirran da aka aika daga Filadelfiya zuwa Boston a Amurka. Sai dai zubar ganye halinsa ne, ko'ina aka kai shi. Da ni ce a Kano, wanda ake kira sheƙar tsuntsu zan ɗauka, mai faffaɗan ganye mai kauri da sheƙi kamar na ayaba, domin ya fi jure busasshiyar iska. A gefen tukunya ake zuba masa ruwa, ba a cikin ramin tsakiyarsa ba. Akwai kuma wani mai ƙananan ganye laɓa-laɓa a kan baƙin kara siriri kamar gashi. Ya fi duka kyau, kuma yini ɗaya ƙasarsa ta bushe ya tafi. Ki bar wa mutanen Jos.

A wurin saye ki ce mai fulawa ya ɗan zare miki shi daga leda ko tukunya. Idan ƙasar ta fito a dunƙule, saiwa ta riƙe ta, ya kafu. Idan ta zube warwas, jiya-jiya aka tsaga shi aka dasa, kuma kuɗin kafaffe za a caje ki.

Wani malami daga Kaduna ya ce: "Na juya ganyen nawa na ga ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa a jere a bayansa. Har na sayo maganin ƙwari zan fesa. Sannan na ga ana tallar ƙwayar irin fan ta shukawa a intanet, da hoton furanni masu launi. In saya?"

Malam, ajiye maganin nan. Ɗige-ɗigen da ka gani alamar lafiya ce. Fan ba ya fure, ba ya 'ya'ya, ba shi da iri irin na gero ko tumatir. Da wani gari mai laushi kamar ƙura yake yaɗuwa, kuma waɗannan ɗigon su ne jakunkunan garin. Haka danginsa suke yi tun fiye da shekara miliyan 300, tun kafin a sami tsiro mai fure a duniya, kuma yau nau'insu ya haura dubu 10. Ka yanko ganye ɗaya ka kifa shi a kan farar takarda ya kwana biyu, za ka tarar garin ya zana siffar ganyen.

Ga yadda za ka bambance. Garin haihuwa a bayan ganye kawai yake, a jere sahu-sahu kamar an auna. Ƙwaron da ke kama da shi kuwa a warwatse yake, har jikin kara, yana ɓamɓaruwa da farce, kuma ganyen kan yi danƙo kamar an shafa zuma. Akwai kuma wani fari mai kama da auduga da ke maƙalewa a lungu. Waɗannan ka goge su da tsumma da ruwan sabulu kaɗan, ka ɗauraye, wanda ya kamu sosai ka yanke. Maganin gona yakan ƙone ganyen fan kafin ya gama da ƙwaron.

Mai tallar iri da hoton fure kuwa, ko dai bai san abin da yake sayarwa ba, ko ya sani sarai. In ƙari kake so, jira damina ka zare naka daga tukunya, ka raba dunƙulen saiwar gida biyu ko uku da wuƙa mai kaifi, kowane kashi da ganyensa.

Wata amarya daga Zariya tana tambaya: "Tukunyar ƙasa zan saya ko ta roba? Kuma ƙasar bayan gida ta isa, ko sai na sa takin zamani?"

Amarya, sayi duka biyun. Ta ƙasa tana sanyaya saiwa amma tana saurin bushewa, ta roba tana riƙe danshi amma tana ɗaukar zafi. Ki dasa a ta roba mai huji a ƙasa, ki zura ta cikin ta ƙasa wadda ta fi ta faɗi, ki cika tsakaninsu da yashi, ki riƙa jiƙa yashin. Dabarar tukunya cikin tukunya ke nan, wadda marigayi Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa don adana kayan miya har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin tukunyar waje yana sanyaya ta ciki, yana kuma ba ganye 'yar laima. A Maris da Afrilu za ki ga amfaninta. Kada ta cikin ta yi girma da yawa, fan ya fi son matsi.

Ƙasar bayan gida ita kaɗai daskarewa take yi kamar bulo. Ki haɗa ta da ruɓaɓɓen ganye na gindin itace, wanda ya riga ya koma baƙi, da buntun shinkafa ko yashi, ki ɗan watsa dakakken gawayi. Ruɓaɓɓen ganyen ya fi yawa. Kashin kaji da ƙwayoyin NPK kuwa sun yi masa ƙarfi, bakin ganye zai ƙone. Tsohon kashin shanu da ya shekara, ɗan kaɗan a farkon damina, ya wadatar. Idan kika ga fari-fari ya taru a bakin tukunya, gishirin ruwan burtsatse ne, sai ki tari ruwan sama ki wanke ƙasar da shi sosai.

Na ƙarshe wani ma'aikaci ne a Sakkwato, ofishinsa da na'urar sanyaya ɗaki, kuma yakan yi tafiyar sati biyu ba mai duba masa. Yana so in zaɓa masa fan mai juriya.

Yallaɓai, babu. Na'urar nan tana tsotse laimar ɗaki, shi ne ruwan da kake gani yana ɗiga a bayanta. Akwai wani tsiro mai ganye yala-yala da masu fulawa ke sayarwa da sunan fan, alhali ɗan gidan bishiyar asfaragos ne. Yana da 'yan dunƙulaye a saiwa masu ajiye ruwa, don haka zai iya jiranka ka dawo. Ka kula da ƙayarsa wajen ɗauka, kuma in ya yi 'ya'ya kada yara ko kyanwa su kai baki. In shi ma ya gagara, na roba yana nan a kasuwa, ƙura kawai za ka riƙa kaɗe masa.