Tambaya da Amsa: Shin duk mai riƙe da makirfo mawaƙi ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyon aikin jarida a wani gidan rediyo mai zaman kansa a nan Tawa, kuma an ba ni filin al'adu da nishaɗi. Na lura kowa "mawaƙi" muke ce masa: mai gurumi, mai rap, jarumar fim, har mai kirari a filin kokowa. Wani dattijo ya bugo waya ya ce muna ɓata Hausa. Yana da gaskiya? Daga Hadiza, Tawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama Hadiza. Baba yana da gaskiya, sai dai ɓarnar ta fi shafar labarin kansa, domin mai saurare ba ya gane wa ya yi me.

A da Bahaushe ya fi kiran mutum da abin kiɗansa. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da kalangu aka san shi. Ɗan Maraya Jos, da ya rasu a 2015, kuntiginsa kawai yake riƙewa, ba ƴan amshi. Narambaɗa makaɗin fada ne, da kotso. Duk mawaƙa ne, babu musu, amma "makaɗin fada" ko "mai kuntigi" ya gaya wa mai saurare wa ake yi wa waƙar da kuma a wane irin taro. Shi kuwa Aƙilu Aliyu rubutacciyar waƙa yake yi, mai baiti da amsa-amo, ba ganga ba kalangu. In kika haɗa shi da Shata a kalma guda ba ƙarin bayani, kin rufe bambancin da ya fi kowane muhimmanci.

Kafin ki shiga situdiyo, ki samo amsar abu uku daga bakin mai waƙar ko manajansa: wa ya tsara kalmomin, wa ya haɗa kiɗan, muryar wa ake ji. Idan mutum ɗaya ne, ki ce mawaƙi, magana ta ƙare. Idan uku ne, kowa ki ba shi sunansa: marubucin waƙa, mai haɗa kiɗa, mai rerawa. Wannan ba ƙaƙale ba ne. Hukumar BNDA da ke kula da haƙƙin masu fasaha a Nijar tana bambanta waɗannan matsayi, kuma rigima kan waƙa yawanci daga nan take tashi, ranar da ta yi kasuwa wani ya ji an goge sunansa.

Inda aka fi yin kuskure shi ne waƙar fim. A finafinan Kano da ake kallo a nan, wani ne yake rera waƙar a situdiyo, jarumi ko jaruma su bi da baki a gaban kyamara. Ɗan jarida ya ga fuska sai ya rubuta "mawaƙiya". Ki jira sunayen da ke fitowa a ƙarshen fim, ko ki tambayi furodusa. Mai fuskar jaruma ce, mai muryar ita ce mawaƙiya.

Ƙungiya ma haka. Tal National ta Yamai ƙungiyar makaɗa ce, akwai masu jita, akwai masu ganga, akwai masu rerawa da harsuna daban-daban. Yacouba Moumouni na ƙungiyar Mamar Kassey yana waƙa, yana kuma busa sarewa. In kika ce masa mawaƙi kawai, kin yar da rabin sana'arsa.

Filin kokowa kuma, ke da kike Tawa inda aka yi gasar ƙasa ta farko a 1975, ba ki da uzuri. Akwai makaɗa, akwai mai waƙar zuga ɗan kokowa, akwai ɗan kokowar da ke yi wa kansa kirari, akwai kuma ƴan cali-cali masu ba da dariya. Na biyun ne kaɗai mawaƙi.

Amma ki yi hattara da gyaran da ya wuce gona da iri. Wasu da sun ji an ce a daina "mawaƙi" sai su koma "maroƙi". Roƙo sana'a ce ta daban, sau da yawa ta gado, kuma matashin da ya biya kuɗin situdiyo daga aljihunsa zai ɗauke ta zagi. Kada ki furta ta sai mutum ya kira kansa haka. Shi kuma mai taya makaɗi da baki, yana ambato sunayen masu kari, sanƙira ne.

A kanun labari, inda lokaci ya yi kaɗan, "mawaƙi" ta isa, matuƙar muryarsa ce ake ji. Jimla ta biyu ce za ta ɗauki sauran: abin kiɗansa, garinsa, da wanda ya tsara masa waƙar in akwai. Kuma ki rage "shahararren" da ake liƙa wa kalmar "mawaƙi". Wanda ya saki waƙa ɗaya a Facebook makon jiya, "sabon mawaƙi" ya wadatar.