Tambaya da Amsa: Darussan jami'a na kyauta a intanet

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a aji biyu, ina karanta injiniyan lantarki. Wani abokina ya ce mini akwai wata babbar jami'a a Amurka da ta zuba darussanta a intanet, kowa ya ɗauka ba tare da ya biya ko sisi ba. Na kasa yarda, domin na san kuɗin makarantunsu ba na talaka ba ne, kuma an sha damfarar mutane da irin wannan talla. Shin gaskiya ne? Idan na karanta, za su ba ni takardar shaida?
Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Abokinka bai yi maka ƙarya ba. Makarantar da yake nufi ita ce Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, wadda aka fi sani da MIT, kuma sunan shirin OpenCourseWare. Shugaban makarantar na lokacin, Charles Vest, shi ya sanar da shi a watan Afrilu na 2001, a daidai zamanin da jami'o'i da yawa ke lissafin yadda za su sayar da karatu ta intanet. An buɗe shafin gwaji a 2002, aka ƙaddamar da shi sosai a 2003 da kwasa-kwasai 500, zuwa 2007 sun kai 1,800, yau kuma sun haura 2,500. Gidauniyar Hewlett da ta Mellon ne suka ɗauki nauyinsa da farko. Ba a neman rajista, balle lambar katin banki, saboda haka duk wanda ya ce ka turo kuɗi domin ya buɗe maka waɗannan darussa, ka san ka haɗu da ɗan damfara.

Abin da za ka tarar a kowane kwas shi ne manhajarsa, da bayanan lacca, da ayyukan da aka ba ɗalibai, da tambayoyin jarrabawa, sau da yawa har da amsoshinsu. Wasu suna da bidiyon lacca daga farko har ƙarshe, amma ba duka ba. Tunda injiniya kake karantawa, ka nemi kwas mai lamba 18.06 na Farfesa Gilbert Strang a kan aljabara. Dattijo ne da allo da alli kawai, yana rubutu yana tsayawa yana tambayar kansa, kamar a gabanka yake gano amsar. Ya yi ritaya a 2023, amma har yanzu ɗalibai a ko'ina cikin duniya a wurinsa suke koyon wannan fanni.

Game da takardar shaida kuwa, amsa ita ce a'a, kuma MIT ba ta taɓa ɓoye hakan ba: OpenCourseWare ba ya ba da satifiket, ba ya ba da digiri, kuma ba zai haɗa ka da malamin da ya tsara darasin ba. Wanda ya san karatun zaure ba zai yi mamaki ba. Littattafan fiƙihu da nahawu ana sayar da su a kasuwar Kurmi, kowa na iya saye ya karanta a ɗakinsa, amma idan aka zo maganar ilimi tambayar da ake yi ita ce a wurin wa ka ɗauka, domin malami ne yake jin karatunka, ya tsayar da kai inda ka yi tuntuɓe, sannan ya shaide ka. MIT littafin ta buɗe. Malamin da zai duba aikinka, da ɗakin gwaje-gwaje, da shaidar, waɗannan suna nan a bayan ƙofa, kuma su ne ake biyan kuɗi masu yawa a kansu.

Akwai wani nau'i dabam da mutane kan haɗa da wannan. A 2011 malamai biyu, Sebastian Thrun da Peter Norvig, suka buɗe wani kwas na Jami'ar Stanford a kan ƙirƙirarriyar basira ga kowa, mutum kimanin 160,000 suka yi rajista. Bayan haka, a 2012, aka kafa shafin kwasa-kwasan intanet mai suna Coursera, jami'o'in MIT da Harvard kuma suka kafa irinsa mai suna edX. A waɗannan ana rajista, ana yin aiki a ba da maki, ana kuma ba da satifiket, amma galibi sai an biya. Kwas ɗin CS50 na Harvard, wanda ke koyar da tushen ilimin kwamfuta, yana ba da nasa kyauta ga wanda ya cika sharuɗɗa. Irin wannan takarda tana iya yi maka amfani wajen neman aikin kwamfuta, inda mai ɗaukarka ya fi damuwa da abin da hannunka ya iya, amma ba ta maye gurbin digirin jami'ar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta amince da ita, kuma ba za ta kai ka hidimar ƙasa ba.

Wani gargaɗi kuma. Binciken da aka buga a mujallar Science a 2019 a kan kwasa-kwasan MIT da Harvard a edX ya nuna cewa a shekarar karatu ta 2017 zuwa 2018 kimanin kashi 3 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka shiga suka kammala. Ban ga abin mamaki ba, domin na sha ganin kwamfutar ɗalibi cike da kwasa-kwasai talatin da ya sauke, bai wuce lacca ta biyu a ko ɗaya ba. Taura biyu ba ta taunuwa, balle talatin. Ka zaɓi kwas guda wanda ya yi daidai da abin da ake koya muku a wannan zango, ka kalli lacca ɗaya, ka rufe waya, ka ɗauki biro ka yi aikin da aka bayar kafin ka leƙa amsa. Inda ka cije, ka kai wa malaminka na jami'a ko abokan karatunka. Kuma kada ka manta malaminka ne zai shirya jarrabawarka, ba Strang ba, saboda haka manhajar makarantarku ita ce gaba.

Tambaya: Ni malama ce a wata kwalejin ilimi. Shin ya halatta in ɗauki waɗannan bayanai in gyara su, ko in fassara wani sashe zuwa Hausa, in buga wa ɗalibaina? Ina tsoron kada in ci haƙƙin wani.
Daga wata malama a Sakkwato.

Amsa: Malama, Allah ya saka da alheri da kika tambaya kafin ki yi. Ya halatta, kuma don haka aka yi shirin. Kayan OpenCourseWare suna ƙarƙashin lasisin Creative Commons mai sharuɗɗa uku: ki ambaci MIT da malamin da ya tsara darasin, kada ki mayar da su hajar kasuwanci, kuma abin da kika gyara ko kika fassara ki sake shi ga jama'a bisa wannan lasisin. Sharaɗi na biyu ne ya fi shafar makarantunmu. Ɗalibai su haɗa kuɗin fotokwafi abu ne dabam, amma a ɗinke bayanan a sa musu bango a sayar a matsayin handawut da riba a kai ya saɓa wa lasisin, ko da an ƙara shafi biyu na gabatarwa. Ki kuma lura cewa wasu hotuna da zane-zane a cikin darussan mallakar wasu ne, kuma akan rubuta hakan a ƙarƙashinsu.

Wannan izini na gyara da sake rabawa shi ne ya bambanta buɗaɗɗen ilimi da abin da kawai aka bari a kalla kyauta. A wani taron UNESCO a birnin Paris a 2002 aka raɗa wa irin waɗannan kaya sunan buɗaɗɗun kayan koyarwa, a 2019 kuma ƙasashen ƙungiyar suka amince da wata takardar shawara da ke kira ga gwamnatoci su tallafa musu. Ga kwalejin ilimi, ina ganin buɗaɗɗun littattafan OpenStax na Jami'ar Rice ta Amurka za su fi miki amfani, domin galibinsu na ajin farko na jami'a ne, a fannoni kamar ilimin halittu, fiziks, kemistiri da tattalin arziki. Kowane littafi yana ɗauke da lasisinsa a shafukan farko, ki karanta shi. Batun fassara kuwa ina ƙarfafa miki gwiwa ƙwarai, musamman idan za ki sauya misalan su dace da rayuwar ɗalibanki, ki kuma ajiye jerin kalmomin kimiyya da kika zaɓa domin kada su riƙa canzawa daga babi zuwa babi.

Tambaya: Data ta yi tsada, wuta kuma sai a hankali. Yaya mai ƙaramin ƙarfi zai amfana?
Daga wani mai karatu a Gombe.

Amsa: Ɗan'uwa, bidiyo ne ke cinye data, rubutu kuwa kaɗan yake ci. Ka fara da bayanan lacca da ayyuka, ka bar bidiyo sai wurin da rubutu ya gagara. Kwasa-kwasan MIT ana iya sauke su a dunƙule a karanta ba tare da intanet ba, don haka mutum ɗaya zai iya saukewa ya raba wa goma ta filash ko daga waya zuwa waya, lasisin bai hana ba. MIT tana ma da tsarin ba makarantun da intanet ɗinsu ba shi da ƙarfi kwafin shafin a kan faifan ajiya, wanda shugaban laburare zai iya nema a hukumance.

Idan Turancin Amurkawa yana yi maka sauri, ka gwada laccocin NPTEL, wani shirin darussan intanet na cibiyoyin fasaha na Indiya wanda aka fara a 2003, domin malamansu sukan bi darasi daki-daki. A gida kuma, Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya, wato NOUN, ta sa kundayen darussanta a shafinta, kuma ba sai ɗalibinta ba ne zai sauke su. Da yake bisa manhajar jami'o'in Nijeriya aka rubuta su, mai shirin jarrabawa a nan yakan tarar da batutuwan sun zo kusa da yadda aka jera masa su a aji.