Shin da gaske an hana mutanen Sikotilan sa kayan gargajiyarsu bayan tawaye?

Tambaya: Malam barka da aiki. Na ji wai akwai shekarar da gwamnatin Birtaniya ta hana mutanen Sikotilan sa tufafin gargajiyarsu saboda sun yi tawaye, da gaske ne?

Amsa: Da gaske ne ɗan'uwa, shekarar 1746 ce. A 1745 Charles Edward Stuart ya sauka a Sikotilan yana neman ƙwato wa gidansu sarautar da aka tuɓe kakansa daga kai, dangogin tsaunukan arewa da dama suka bi shi har suka kai Derby a cikin Ingila kafin su juyo. Ranar 16 ga Afrilu 1746 aka gwabza a Culloden kusa da garin Inverness a arewacin Sikotilan, ko awa ɗaya ba a yi ba sojojin Duke na Cumberland, ɗan Sarki George II, suka murƙushe su. Kar a ɗauka Ingila ce kawai da Sikotilan fa, akwai 'yan Sikotilan da yawa a ɓangaren gwamnati.

Abin da ya biyo baya ya fi yaƙin muni, sojoji suka bazu ƙauyuka suna ƙona gidaje suna kora shanu zuwa sansanin soja na Fort Augustus ana sayarwa, kuma mutanen nan shanun su ne abincinsu su ne kuɗinsu. Shi ya sa aka laƙaba wa Cumberland "mahauci". An kama mutum wajen 3,500, an kashe kusan 120, ɗaruruwa kuma aka loda su a jirgin ruwa sai yankunan da Birtaniya ke yi wa mulkin mallaka a nahiyar Amurka. Shi kuwa Charles, an sa fam 30,000 a kansa amma ba wanda ya miƙa shi, har shigar mata ya yi da taimakon wata mace mai suna Flora MacDonald, a Satumba ya tsere Faransa.

Dokar tufafi an yi ta 1746, ta fara aiki 1747, wanda aka kama da zanen nan mai ratsi-ratsi da maza ke ɗaurawa wata shida a kurkuku, in ya sake a kore shi ƙasar waje shekara bakwai. Sojan sarki dai an bar masa. An soke ta 1782.

Ni a ganina wadda ta fi yi musu illa ita ce dokar da ta ƙwace ikon shari'a daga hannun shugabannin dangi, don daga nan ne sannu a hankali suka koma masu gonaki masu karɓar haya, jikokinsu da yawa ma suka riƙa korar talakawa daga ƙasar don su zuba tumaki.