Shin Sai Na Sha Ƙwayar Omega 3-6-9?

Tambaya: Assalamu alaikum likita, ana ta tallan ƙwayar omega 3-6-9 wai tana gyara zuciya da ƙwaƙwalwa, ni kuma ina da juna biyu, in saya ne ko akwai abincin da zai wadatar?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƴar'uwa, Allah ya raba lafiya. Omega-3 da 6 da 9 nau'o'in kitse ne masu amfani ga jiki, amma gaskiya ni ban ga dalilin sayen ƙwayar da ta haɗa ukun nan ba. Omega-9 jiki da kansa yake haɗa abinsa, ga shi kuma cikin man zaitun, omega-6 kuwa man girki irin na waken soya da na masara cike suke da shi, da wuya a samu wanda ya rasa. Wanda ake yawan gaza samu shi ne omega-3.

To shi omega-3 manyan kalolinsa uku ne, ALA da EPA da DHA. ALA daga tsirrai yake, irin ƴaƴan chia da flax, amma sai jiki ya juya shi zuwa EPA da DHA kuma ɗan kaɗan yake iya juyawa, bai kai kashi 15 cikin 100 ba, shi ya sa nake nacewa a kan kifi mai maiƙo kamar sardin da salmon da makarel, saboda su a shirye suke ba ki EPA da DHA. DHA ɗin nan yana cikin abin da ake gina ƙwaƙwalwa da idon jariri da shi, musamman watanni ukun ƙarshe. Omega-3 kuma yana sauke wani kitsen jini da ake kira tiraigiliserayid, Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ma tana ba da shawarar a ci kifi sau 2 a mako.

Don Allah ki kiyaye manyan kifayen teku irin su shak da sodfish, suna tara sinadarin makuri mai cutar da jariri. Man hantar kifi ma ki bar shi yanzu, bitamin A ɗinsa yana da yawa ga mai ciki.

In kifi yana tayar miki da zuciya, akwai omega-3 da ake tatsa daga gansakukar teku, amma ki fara nuna wa likitanki na awo, ballantana in kina shan maganin tsinka jini. Kuma ki juya bayan kwalbar ki duba yawan EPA da DHA, don ƙwayar da aka rubuta miligiram 1000 sau da yawa miligiram 300 ne kawai na EPA da DHA a cikinta.