Tambaya da Amsa: Ƙabilar Ogiek da Dajin Mau

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na ji a rediyo cewa gwamnatin Kenya tana korar ƙabilar Ogiek daga daji da sunan kare muhalli. Su wane ne mutanen nan, kuma da gaske zamansu ne yake lalata dajin? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Ogiek mafarauta ne kuma masu kiwon ƙudan zuma, waɗanda tun kaka da kakanni suke zaune a dajin Mau, inda kogin Mara da wasu koguna da dama suka samo tushe. Mutumin Ogiek yakan fafe gungumen itace ya yi amya, ya hau can ƙololuwar bishiya ya ɗaure ta, in lokaci ya yi ya koma da hayaƙi ya ɗebo zuma. Da ita ake ci, ake magani, ake hidimar aure, kuma kowace zuriya ta san iyakar yankinta. Wanda tukunyarsa ta dogara ga furen bishiya ba zai ɗaga mata gatari ba.

Matsalarsu ta daɗe, domin Turawan mulkin mallaka sun ƙi lissafa su a matsayin ƙabila mai ƙasarta, kuma samun 'yancin kai a 1963 bai sauya komai ba. A 2009 hukumar gandun daji ta ba su wa'adin kwana 30 su tashi, abin da ya kai maganar gaban Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke birnin Arusha na ƙasar Tanzaniya. A watan Mayun 2017 kotun ta ce an tauye musu haƙƙi, ta kuma gano cewa akasarin ɓarnar ta fito ne daga baƙin da suka mamaye filaye, da yankunan da gwamnati ta yanka ta raba, da izinin sarar katako da ta bayar. A ganinmu, Malama, wannan ya amsa tambayarki.

A 2022 kotun ta umarci a biya su diyyar shilin miliyan 157 da ɗoriya, a kuma ba su takardar mallakar ƙasarsu ta gado. Duk da haka, a watan Nuwamban 2023 jami'ai sun sake rushe musu gidaje a Sasimwani, wani yanki na dajin Mau. Tarwatsewar nan tana cin harshensu ma, domin yara da yawa yanzu harshen maƙwabtansu Masai ko na Kipsigis suke tasowa da shi.