Amsa ga Ƙanena Mai Neman Komawa Shugabancin Ilimi daga Injiniyancin Lantarki

Assalamu alaikum, ƙanena. Saƙonka ya iso, kuma na karanta shi a tsanake. Ka ce ka kammala digirin farko a fannin injiniyancin lantarki, ka yi shekara biyu kana koyar da lissafi da kimiyya a makarantar sakandare, yanzu kuma zuciyarka ta karkata ga yin digiri na biyu a fannin shugabancin ilimi a nan Amurka, amma kana fargabar cewa kwasa-kwasan da ka yi a jami'a ba za su karɓu ba tun da babu na koyarwa a cikinsu.

Wannan fargabar ka ajiye ta. Yawancin jami'o'in nan suna neman digirin farko ne a kowane fanni, da takardar sakamako wadda wata hukuma irin WES, mai duba takardun karatun ƙasashen waje, ta tantance, da wasiƙun shaida, da kuma bayanin manufarka. Ni ma daga lantarki na fito, kuma babu wanda ya tambaye ni me ya raba ni da waya da tiransifoma. Abin da nake jiye maka yana wani wajen: sunan kwas ɗin guda ɗaya ne, amma hanyoyin da ke ƙarƙashinsa sun rabu, kuma wadda aka fi tallatawa ba don irinmu aka shimfiɗa ta ba.

Ita wannan hanya ta horar da shugabannin makarantun firamare da sakandare ce. A Amurka kowace jiha ke bayar da lasisinta na shugaban makaranta, kuma galibi ba a ba mutum shi sai yana da lasisin koyarwa, ya kuma yi shekara biyu ko uku a aji. Saboda haka aka tsara karatun don malamai masu aiki. A zangona na farko na shiga irin wannan ajin, wanda ake farawa da yamma bayan an tashi daga makarantu. Abokan karatuna sukan shigo da katin shaidar aiki rataye a wuya, suna ɗauke da littattafan ɗalibansu da ba su gama dubawa ba, sannan a shiga muhawara kan dokar ilimi ta jihar, da haƙƙin yara masu buƙata ta musamman, da yadda harajin gidaje ke ciyar da makarantun gunduma. Da malamin ya ce kowa ya kawo alƙaluman jarrabawar makarantarsa a mako mai zuwa domin a yi nazari, ni kaɗai ne ba ni da makarantar da zan ɗauko daga gare ta. Ofishin da ya ba ni gurbin bai faɗa mini haka ba, ni kuma ban san tambayar da ya kamata in yi ba, sai da na yi asarar zango guda da kuɗinsa kafin na sauya layi.

Akwai kuma batun biza, wanda ya sarƙe da wannan. Ɗalibi mai bizar karatu ta F-1 dole ne ya yi cikakken karatu, wato a matakin digiri na biyu yawanci kiredit 9 (ma'aunin nauyin darussa) a zango, kuma darasi ɗaya kawai na intanet ake lissafa masa a ciki. Da yawa daga cikin kwasa-kwasan shugabancin ilimi sun koma intanet kacokan, irin waɗannan kuwa ba za su iya ba ka takardar I-20, wadda da ita ake neman bizar, ba, komai kyawun sakamakonka. Sa'annan ka san abin da za ka bari: wanda ya yi digiri a injiniyancin lantarki a nan yana iya samun izinin aiki bayan kammala karatu, wato OPT, na wata 12, da ƙarin wata 24 saboda fannin yana cikin jerin STEM, wato fannonin kimiyya, fasaha, injiniyanci da lissafi, alhali shugabancin ilimi a wata 12 yake tsayawa, kuma digirinka na lantarki da ka yi a wajen Amurka ba zai jawo maka ƙarin ba. Ban faɗi haka don in karya maka gwiwa ba, na faɗa ne don kada ka zo da lissafin da ba haka yake ba.

Idan burinka gudanar da jami'a ne ko kwalejin fasaha, to ka nemi kwas ɗin gudanar da manyan makarantu ko na tsara manufofin ilimi. Waɗannan ba sa buƙatar lasisin koyarwa, suna ɗaukar kiredit 30 zuwa 36 ko kusa da haka, kuma a nan ne aka fi samun aikin taimakawa a ofisoshin jami'a na awa 20 a mako, wanda kan zo da sassaucin kuɗin makaranta da ɗan alawus. Hanyar da na fi so ka duba da kyau, wadda da na san da ita tun farko da ita zan bi, ita ce ilimin koyar da injiniyanci. Jami'ar Purdue da Virginia Tech duk sun buɗe sassa na musamman don wannan fanni a 2004, inda ake binciken yadda ɗalibai ke koyon injiniyanci, da dalilin da ya sa wasu ke gudu tun a shekarar farko, da yadda za a gyara manhaja da ɗakunan gwaji. A can digirinka jari ne, domin mutumin da ya taɓa kwana a kan dokokin Kirchhoff, ya ga yadda rabin aji ke faɗuwa a darasin da'irar lantarki, ya san ciwon da ake neman maganinsa.

Ko wace hanya ka bi, lissafinka zai yi maka rana. A darasin ƙididdiga da hanyoyin bincike, inda abokaina ke zufa, ni hutawa nake yi, har ni suke nema kafin jarrabawa. Inda na sha wuya shi ne rubutu. Mu 'yan injiniyanci mun saba da amsa guda wadda ake ja wa layi biyu a ƙasa, a nan kuwa za a ba ka shafi ɗari ka karanta a mako, a ce ka rubuta shafi ashirin kana kare ra'ayi da hujjoji bisa tsarin rubutun bincike na APA. Takardata ta farko ta dawo da jan biro tun daga sama har ƙasa, malamar ta rubuta a gefe cewa na kawo sakamako amma ban nuna wa mai karatu hanyar da na bi ba. Don haka tun yanzu ka fara karanta muƙalun fannin, kana taƙaita kowace a shafi ɗaya da kalmominka.

A bayanin manufarka kada ka nemi afuwa don ka fito daga lantarki. Ka ba su labarin ajinka: ɗalibai nawa ne, me ya gagare su, me ka gwada, me ya canza. Kafin ka biya kuɗin fom ko ɗaya, ka rubuta wa mai kula da kwas ɗin ka tambaye shi ko ana buƙatar lasisin koyarwa, ko darussan ido da ido ne, da ko an taɓa ba ɗalibin ƙasar waje aikin taimakawa a sashen. Ka leƙa cibiyar EducationUSA, mai ba da shawara kan karatu a Amurka, domin jin halin da ƙa'idojin biza suke ciki a lokacin da za ka nema, sannan ka turo mini sunayen jami'o'i ukun da ka zaɓa tare da amsoshinsu, mu duba tare.