Hanɗa, ganɗa da karin sauti: su wa suka fara rarrabe su?

Tambaya: Malam, a darasin ilimin furuci an koya mana hanɗa, ganɗa, hanƙa da leɓe. Turawa ne suka ƙago wannan rabon? Daga wata ɗaliba a Katsina.

Amsa: A'a, malama. Sunayen Hausa ne, rabon kuwa ya girmi nazarin Turawa nesa ba kusa ba. Mahardatan Veda, littattafan addinin Indiya da ke cikin harshen Sanskrit, sun yi shi ƙarnoni kafin Miladiyya, a fannin da suke kira Shiksha. Baki da baki ake ɗaukar karatun, don haka dole ɗalibi ya san inda kowane sauti yake fitowa.

Sun jera baƙaƙe 25 a sahu biyar, daga can cikin baki zuwa waje: na hanɗa, na ganɗa, na naɗe-harshe, na haƙori, na leɓe. Kowane sahu baƙaƙe biyar ne: marar ziza (ziza ita ce karkarwar murya a maƙogwaro yayin furuci), marar ziza mai huci, mai ziza, mai ziza mai huci, sai ɗan hanci. Gwada na leɓe ki ji: pa, pha, ba, bha, ma. Wasali kuma auna shi suke yi da matra, wato ma'aunin tsawon furuci: gajere 1, dogo 2, mai ja 3. Wanda ya yi tajwidi zai tuna da makharijul huruf, da Khalil bin Ahmad, masanin Larabci da ya jera ƙamusunsa daga haruffan maƙogwaro a ƙarni na 8.

Inda suka fi burge ni shi ne karin sauti. Uku suka ƙidaya: udatta na sama, anudatta na ƙasa, svarita mai faɗowa, kusan yadda muke da sama, ƙasa da faɗau. Suna tsoratar da ɗalibai da labarin Tvashtar, wanda ya roƙi ɗa da zai kashe Indra (shi da Indra duk cikin allolin Veda suke). A roƙonsa ya furta kalmar "indrashatru" da nufin "wanda zai kashe Indra", amma ya ɗora karin sama a gaɓar farko maimakon ta ƙarshe, sai ma'anar ta juye ta koma "wanda Indra zai kashe". Haka kuwa aka yi.

Mu ma abin na nan. Kuka na hawaye sama-sama ne, kuka ta miya sama-ƙasa. Dafa abinci "da" ɗinsa gajere ne, dafa kafaɗa dogo. Rubutun boko bai nuna ko ɗaya ba, shi ya sa mai koyon Hausa daga littafi kaɗai yakan yi tuntuɓe a nan.